Wasiƙa Zuwa ga Kawu Kan Lambobin Waɗanda Ba Su Je Fagen Daga Ba

Leeds, Ingila

Kawu,

Yaya ƙafar? Inna ta ce tun shigowar hunturu take taɓa ka. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi da duhu, don ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi.

Saƙonka ya iso ta bakin Inna, kuma ba ta rage masa gishiri ba. Wai ka ce a tambaye ni ko gaskiya ne na koma sayen tsofaffin kwabban Turawa da kuɗin da ya kamata su tafi ginin da na fara a gida. Ka kwantar da hankalinka, kuɗin rufi suna nan ban taɓa su ba, da yardar Allah kafin damina za a ɗora kwano. Amma tunda ka tambaya, maganar ta fi ƙarfin waya, inda kafin mutum ya kai aya layi ya katse. Shi ya sa na ɗauki biro.

Abin da nake tarawa lambobin yabo ne, irin waɗanda ake maƙala wa mutum a ƙirji. Sai dai na farar hula ne: direbobin jirgin ƙasa, 'yan kwana-kwana, masu haɗa sinadarai, da matan da ke ɗura albarushi a cikin harsasai, waɗanda suka yi wata bajinta ranar da wuta ta tashi a wurin aikinsu a lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A dangi kaf kai na fi sa ran za ka gane abin da ya ja ni, don ka yi fayaman a loko kafin ka zama direba, ka san mene ne tsayawa gaban tukunya da dare alhali ran mutane yana hannunka.

Bari ma in fara da mutanenka, ma'aikatan reluwe. A daren 2 ga Yuni 1944, saura kwana huɗu sojojin ƙawance su tsallaka teku su dira a Faransa, wani jirgin kaya ya taso daga garin March da tarago 51, guda 44 maƙare da bama-bamai. Direban shi ne Benjamin Gimbert, mai shekara 41, fayaman ɗinsa kuwa James Nightall, saurayi ɗan shekara 22. Suna gab da shiga tashar wani ƙaramin gari mai suna Soham, tsakar dare mutane duk suna barci, Gimbert ya leƙa baya ya hangi wuta tana ci a taragon farko, wanda ke manne da kan jirgi. Ya tsayar da jirgin a hankali, ya ce wa Nightall ya sauka ya raba taragon da sauran. Yaron ya sauka, ya shiga tsakanin mai cin wuta da na bayansa, ya kwance, ya dawo ya hau. Niyyarsu su ja shi su fitar da shi bayan gari. Ba su yi tafiyar yadi 150 ba, Gimbert ya rage gudu yana ƙwala wa mai sigina, Frank Bridges, kira cewa ya tare duk jirgin da ke tafe, sai taragon ya tashi. Nightall nan take rai ya yi halinsa. Bridges shi ma bai daɗe ba ya cika. Gimbert an tsince shi can gefe jina-jina, amma yana da sauran shan ruwa, ya rayu har 1976. Tashar ta rushe, ramin da aka samu faɗinsa ƙafa 66, ɗaruruwan gidaje sun lalace, amma garin ya tsira. Kafin a yi kwana guda cur an cike ramin an shimfiɗa sabon dogo, jiragen makamai suka ci gaba da wucewa. Masu bincike sun fi karkata ga cewa taragon ya taɓa ɗaukar garin farar wuta, ba a share shi tas ba, tartsatsin kan jirgi ya faɗa kan ragowar. Su biyun an ba su George Cross, wadda babu lambar da ta fi ta daraja ga farar hula a ƙasar nan.

Kawu, kai da ka sha kwance tarago, ina so in ka tashi ba ni amsa ka gaya mini: a cikin duhu, ƙarfe ya ɗauki zafi, daƙiƙa nawa mutum yake buƙata ya raba tarago biyu? Littattafan da na karanta duk masu biro ne suka rubuta su, babu wanda ya taɓa riƙe sarƙar.

Akwai irinsa tun a yaƙi na ɗaya. A daren 1 ga Oktoba 1917 wuta ta kama masana'antar ɗura harsasai ta White Lund kusa da Morecambe, harsasai suna ta fashewa suna tashi sama. Wani direba, Thomas Kew, da wani mai haɗa taragu, Abraham Graham, suka shiga da kan jirgi suna fitar da taragun da aka riga aka loda, har guda 49. Mutum goma ne suka mutu a wannan gobara, yawancinsu 'yan kwana-kwana. An ba mutum huɗu lambar Edward, har da su biyun.

Ita wannan lamba ta Edward ita ce uwa a wannan fanni. Sarki Edward na bakwai ne ya kafa ta a 1907 domin masu haƙar ma'adinai da suka ceci 'yan'uwansu a ƙarƙashin ƙasa, a 1909 aka faɗaɗa ta ga ma'aikatan masana'antu. Akwai ta azurfa akwai ta tagulla, ƙyallen da ake rataya ta shuɗi ne mai duhu da ratsin rawaya a gefe, kuma ana sassaƙa sunan mai ita a bakinta. A 1917 aka ƙirƙiro wata ƙarama, lambar Daular Birtaniya, wadda matan masana'antar makamai da yawa suka samu. A Satumba 1940, Jamus tana ta ruwan bama-bamai a Landan, Sarki George na shida ya kafa George Cross da ƙanwarta George Medal. Daga baya, a 1971, aka ce duk mai lambar Edward da ke raye ya kawo a musanya masa da George Cross, wai don mutane sun manta darajar tsohuwar. Wasu suka kai, wasu suka ce a bar su da tasu. Waɗanda aka mayar da yawa sun tafi gidajen tarihi, shi ya sa ta yi wuya a kasuwa.

To ga inda abin ya kama ni. Ka san aikina a nan duba hanyoyin kiyaye haɗari ne a masana'antar sinadarai, kullum cikin karanta rahoton abin da ya fashe da dalilin fashewarsa nake. Da na fara bin tarihin waɗannan lambobi sai na ga kusan kowacce tana da labari biyu. Na farko shi ne wanda aka karanta a fada ranar da aka maƙala ta. Na biyu yana cikin fayil ɗin da aka kulle, kuma shi ne ke faɗin wanda ya jawo har aka buƙaci jarumi.

Ɗauki Silvertown, a gabashin Landan. Kamfanin Brunner Mond yana da masana'antar soda a wurin, wani ɓangarenta a rufe. A 1915, da harsasai suka yi wa sojoji ƙaranci a Faransa, gwamnati ta matsa a mai da wurin matatar TNT, nakiyar da ake ɗurawa a manyan harsasai. Kamfanin da kansa ya nuna rashin amincewa, don tace TNT ya fi haɗa shi haɗari, ga shi kuma wurin yana tsakiyar gidajen talakawa, ga rumbunan fulawa da tankunan mai kewaye. Aka ce yaƙi ake yi, a yi. Ranar Juma'a 19 ga Janairu 1917, saura 'yan mintoci bakwai na dare ta cika, wuta ta tashi a ɗakin narkarwa, kimanin tan 50 na TNT suka tashi gaba ɗaya. Mutum 73 suka mutu, sama da 400 suka jikkata, dubban gidaje suka lalace, an ji ƙarar har Norfolk. Babban masanin sinadarai na wurin, Andrea Angel, malami ne a Oxford da ya bar koyarwa ya zo aikin yaƙi. Ya fi kowa sanin abin da ke shirin faruwa, kuma yana da damar gudu. Ya tsaya yana korar ma'aikata waje, yana taimaka wa masu kashe wuta, har abin ya tafi da shi. An ba shi lambar Edward bayan ransa. Wani ɗan sanda, Edward Greenoff, da ya tsaya bakin ƙofa yana mai da 'yan kallo baya, shi ma ya mutu daga raunukan da ya samu, aka ba shi lambar 'yan sanda ta Sarki. Rahoton binciken kuwa, wanda ya soki ajiye irin wannan aiki a irin wannan unguwa, sai a shekarun 1950 jama'a suka gan shi. Lamba ta fito cikin 'yan watanni, rahoto ya shekara talatin da ɗoriya a aljihun tebur.

A Faversham, ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1916, abin da ya fara ci buhunan wofi ne da aka jingine a jikin rumfar da aka cusa wa TNT da sinadarin amoniyam naitiret, irin wanda ake takin zamani da shi. Tartsatsi daga ɗakin tukunya ya kama buhunan. Maimakon a kwashe mutane, sai aka yi ta ƙoƙarin kashe wuta da bokiti da janye akwatuna. Aƙalla mutum 108 suka mutu, duka maza da yara samari, don mata ba sa aiki ran Lahadi. Yau in na ga buhun wofi jingine da ɗakin ajiya a wurin aikinmu sai na rubuta wa mutum takardar gargaɗi, yaran wurin suna ganin tsanani na yi. A Chilwell kuma, kusa da Nottingham, ranar 1 ga Yuli 1918, tan takwas ne kawai suka tashi, amma mutum 134 suka tafi, 32 kaɗai aka iya gane gawarsu. Manajan wurin, Arthur Bristowe, ya samu lambar Edward saboda ya tsaya yana kifar da farantan TNT masu ci da wuta don kada ta bi layi ta kai ma'ajiya. Jaridu ba su faɗi sunan garin ba, adadin da suka bayar kuma bai kai rabin gaskiya ba. Washegari ma'aikata suka koma bakin aiki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a nan Leeds ya faru, ba nisa da inda nake zaune. Masana'antar Barnbow ta ɗauki dubban mata aiki, waɗanda TNT ya rina musu fata da gashi suka koma rawaya, wasu ma ciwon hanta ya kashe su ba tare da wata fashewa ba. Daren 5 ga Disamba 1916, masu aikin dare sun karɓi aiki ke nan, harsashi ya fashe a ɗaki mai lamba 42. Mata 35 suka rasa rayukansu. Wani makanike, William Parkin, ya yi ta shiga cikin hayaƙi da tururi yana ɗauko waɗanda suka jikkata a kafaɗa, ya fita ya koma, ya fita ya koma. Abin da ake tunawa an ba shi agogon azurfa ne da aka rubuta godiya a jikinsa. Sanarwar mutuwar matan a jaridu cewa kawai ta yi haɗari ne, ba a faɗi ina ba, ba a faɗi yaya ba, sai shekaru bayan an gama yaƙi labarin ya fito. Saboda haka duk wanda ya ce maka lamba ita ce ma'aunin jarumta, bai san yadda ake raba ta ba. Sai an samu manajan da ya rubuta, ofishin da ya amince, da gwamnatin da ba ta jin kunyar a ji labarin.

Ba ina rage wa waɗanda suka samu komai ba ne. A Waltham Abbey, ranar 18 ga Janairu 1940, cikin tsananin sanyi, wani ɗaki ya tashi ya kashe mutum biyar. Mutum uku, Leo O'Hagan da Stanley Sewell da William Sylvester, suna ɗakunan kusa suna tsaka da sarrafa naitirogilisarin, wanda in ka bar shi a tsakiyar aiki ka gudu shi ma tashi zai yi. Rufi ya yaye a kansu, tarkace mai zafi yana zubowa, suka tsaya har suka kai aikin inda ba zai fashe ba. Jarumtarsu ita ce ba su motsa ba. A Kirkby kusa da Liverpool, a Fabrairu 1944, bayan fashewa a ɗakin da mata ke ɗura kunamun nakiyar tankoki, Arthur Bywater ya jagoranci 'yan sa-kai suka kwashe sama da kunama 12,000 daga cikin kango, kowacce tana iya tashi a hannu, suka kwana uku suna yi. Ya samu George Cross. A Satumba na wannan shekarar wata fashewar ta sake aukuwa a wurin, ya sake shiga, ya samu George Medal. Shi kaɗai ne farar hula da ya haɗa biyun. Ni dai da na karanta sai na ce, masana'antar da mutum ɗaya zai zama jarumi sau biyu a cikinta a wata bakwai, akwai tambayar da ya kamata a yi wa masu ita.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda na san ita ce ta fi damunka. George Cross in ta fito gwanjo a gidaje irin su Spink ko Noonans a Landan, dubban fam ake zubawa masu yawan gaske, wani lokaci ta haura dubu ɗari. Wannan fagen attajirai ne irin su Lord Ashcroft. Lambar Edward ma ta fi ƙarfin aljihuna, sai dai in duba ta a kundin gwanjo in rufe. Abin da nake da shi duka bai cika akwatin takalmi ba. Akwai bajojin tagulla masu kusurwa uku da aka raba wa matan masana'antar makamai daga 1916, kowanne da lambarsa a baya, waɗanda kuɗin ɗaya bai fi na cefanen kwana biyu ba. Akwai lambar wata tsohuwar ƙungiya mai karrama waɗanda suka ceci rai daga gobara. Sai guda ɗaya da na daɗe ina tara mata kuɗi, lambar Daular Birtaniya irin ta farko, ta wata mata mai ɗura harsasai.

'Yar ƙarama ce, faɗinta inci ɗaya da ɗan ɗoriya, azurfar ta yi duhu, a fuskarta hoton mace zaune riƙe da mashi mai baki uku, ƙyallenta ruwan makuba ne da ya koɗe har ya kusa zama toka. Irin wannan ba a sa suna a jikinta lokacin da aka raba, don haka ita kaɗai ba ta faɗin komai. Abin da na biya wa kuɗi takardun da suka zo tare da ita ne: wasiƙar da aka aika wa matar ana sanar da ita, guntun jarida da ya yi ja don tsufa, da hotonta sanye da hular aiki da doguwar riga. Da su na je na nemo sunanta a London Gazette, jaridar gwamnati da ake buga duk wata lamba a ciki, wadda yanzu kowa yana iya dubawa kyauta a intanet. Layi biyu ne kacal aka rubuta a kanta, cewa ta nuna ƙarfin zuciya lokacin gobara a wata masana'antar nakiya. Ba sunan gari, ba rana. Sauran sai da na bi rajistar haihuwa da ta ƙidaya da tsofaffin jaridun yankin, na haɗa ɗaya da ɗaya. Lamba ba takarda kamar gona ce ba shaidu, kowa yana iya cewa tasa ce. Shi ya sa mafi yawan lokacin da nake ba wannan sha'awa ba a kasuwa yake tafiya ba, a ɗakin karatu ne, ko a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, inda fayilolin Ma'aikatar Cikin Gida ke nuna wanda aka ba da sunansa, wanda aka amince, da wanda wani jami'i ya ja wa layi ya ce abin da ya yi bai kai ba.

Kasuwar kuma ba ta rasa 'yan damfara. A wani baje koli da aka yi a nan arewacin Ingila wani dillali ya jawo ni gefe ya buɗe mini ƙaramin akwati, lambar Edward ta tagulla a ciki, a farashin da ya sa na ƙara kallonsa. Na fito da madubin ƙara girma na juya bakinta a ƙarƙashin fitila. Haruffan sunan sun fi na ainihi kauri, ba su zauna a layi ɗaya ba, kuma daidai wurin da suke bakin ya fi sauran sirantaka, da ƙananan zane-zane a kwance irin na magagari. An kankare wani sunan ne aka sa wannan. Na duba wayata a gabansa, sai ga shi mai wannan suna ta azurfa aka ba shi. Dillalin ya ce shi ma haka ya saye ta, ya rufe akwatinsa ya juya ga wani. Abin da ya fi ba ni haushi ba kuɗin da ya so ci ba ne. Wanda aka kankare sunansa shi ma wani abu ya yi har aka ba shi, yanzu kuwa ba mai iya gano ko wane ne.

Muna da 'yan ƙa'idojinmu. Ba a goge lamba har ta yi ƙyalli, don kowace guga tana cin haruffa. In mutum yana da lambobi uku ko huɗu ba a raba su a sayar ɗaya-ɗaya, ko da hakan ya fi kawo riba, kuma mai yin haka sunansa yana ɓaci a cikinmu. Tsohon ƙyalle ko ya yage ba a yar da shi.

Akwai abin da nake jin nauyinsa, ba zan ɓoye maka ba. Kowace lamba da ta zo kasuwa wani gida ta bari. Wani jika ne ya sayar don ya biya kuɗin jinyar uwarsa, wani gidan kuma zuriyar ce ta ƙare, masu kwashe kaya suka tsince ta a aljihun tebur. Ba na ganin laifin mai sayarwa, talauci da larura ba su san lamba ba. Amma a ganina manyan, waɗanda gari guda ya tsira saboda mai su, a garin ya kamata su zauna. Ta Gimbert tana gidan tarihin March, garin da ya zauna, ta Nightall tana makarantar sakandaren Soham inda jikokin waɗanda ya ceta suke karatu. Wannan shi ne daidai. Irin tawa ƙarama, da babu gidan tarihin da ke nemanta, ita ce ta rage wa irinmu, kuma na rubuta duk abin da na gano na haɗa da ita, don duk hannun da ta faɗa bayana ya same ta da labarinta.

Duk wannan karatu ya sa na tuna hirar da kake yi mana ta diban gwamna. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Birtaniya ta rasa kuzar da ake samu a can, sai ta juyo kan Jos. Aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai ana kai su haƙar kuza dole, har zuwa 1944. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cututtuka suka kashe da yawa. Kuzar nan yaƙin nan ɗaya ta yi wa aiki, da ita ake gwangwani da liƙin waya da sassan injuna. Su ma ramuka sun rufta da su, kuma na tabbata an samu wanda ya koma ciki ya jawo ɗan'uwansa. Duk kundin gwanjon da na buɗe ban taɓa cin karo da lambar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko, sunayen dattawan unguwa da ka sani an ɗiba zuwa kuza, da garuruwan da aka kai su, da wanda ya dawo da wanda bai dawo ba, ka sa ɗaya daga cikin jikokinka ya ɗauki muryarka a waya kana faɗa, ya turo mini. Kada ka damu da tsari, yadda ya zo maka haka nake so. Na biyu, gidajen mazan jiya da suka je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, na san wasu har yanzu lambobin kakanninsu suna cikin gwangwani a ƙarƙashin gado. Ka gaya musu kada su sayar wa 'yan jari-bola a kan kilo, kada su goge da toka ko lemon tsami, kuma su nemo littafin sallamar soja su ajiye tare, don lambobin yaƙi na biyu da Birtaniya ta raba yawanci babu suna a jikinsu, littafin ne ke nuna mai su. Ba saye nake so in yi ba, ka faɗa musu haka tun farko kada a ce ɗan 'yar'uwarka ya turo ka ciniki. In sun yarda a ɗauki hoton lamba da littafin a turo mini, zan nemo musu abin da ke rubuce game da rundunar da kakansu ya yi aiki, in aiko musu da Hausa.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, da Malam Liman, da abokan zamanka na ƙofar gida. Mai ɗakina tana gaishe ka, yara ma suna gaida Kaka. In Allah ya kai mu babbar salla muna tafe gaba ɗaya.

Wassalam,

Ɗanka na Leeds